Hawan Keke da Rage Ƙiba a Katsina: Yadda Ake Daidaita Feda da Kwanon Tuwo

Da yawa daga cikin masu sayen keke don rage tumbi a Katsina suna jingine shi a zaure kafin a cika wata biyu. Mutum zai fita bayan sallar Asuba, ya zaga ta Ƙofar Ƙaura ya dawo sharkaf da gumi, kullum haka, amma in ya hau sikeli sai ya tarar yana nan inda yake. Daga nan sai ya yanke cewa jikinsa ne ba ya jin motsa jiki. Kusan kullum matsalar ta lissafi ce, kuma lissafin ba shi da wuya.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma da shi ake auna abin da jiki ke ƙonawa. Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mai nauyin kilo 90 da ya yi awa guda yana tuƙa keke yana ƙona tsakanin kalori 350 zuwa 550, gwargwadon ƙarfin tuƙinsa. In keke kaɗai aka dogara da shi, sai an yi awa 14 zuwa 22 a kan sirdi kafin kilo guda ya tafi. To duba ɗaya gefen: robar lemon kwalba mai rabin lita ta kai kalori 200, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, tafin hannu guda na soyayyar gyaɗa kuma wajen 170. Wanda ya yi minti 45 a kan keke, ya tsaya wajen mai shayi ya sha haɗin kauri da burodi da soyayyen ƙwai, ya mayar da abin da ya ƙona har da riba kafin ya isa gida. Saboda haka keke da kwano tare ake gyara su. Keke yana ba da ƙarfin zuciya da na huhu, yana riƙe tsoka, yana taimakon sukarin jini da hawan jini. Saukar nauyi kuwa kaso mafi girma daga kwano take zuwa.

Fara da awo, kafin ka taɓa feda

Ka samu sikeli guda ɗaya ka tsaya a kansa, domin na kemis da na asibiti da na gida kan bambanta da kilo ɗaya ko biyu. Ka hau da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai, da kaya marasa nauyi. Sai ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugu, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan ka saki numfashi, ba tare da tsotse ciki ba. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 172 yana son ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 86. Muna fifita wannan awon a kan na sikeli, saboda kitsen da ke cikin tumbi shi ya fi alaƙa da ciwon sukari da ciwon zuciya.

Burin da jiki ke ɗauka ba tare da ya galabaita ba shi ne rabin kilo a mako, in ya yi yawa kilo guda. Rabin kilo a mako yana nufin giɓin kalori wajen 500 a rana, wato abin da jiki ke ƙonawa ya ɗara abin da ake ci da wannan adadi, wani kaso daga keke, mafi yawa daga abinci. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kaɗai yana sauko da hawan jini da sukari ƙwarai, don haka mai kilo 90 ya sa 82 ko 83 a gabansa tukuna.

Wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da wanda ƙirjinsa ke ciwo ko numfashinsa ke sarƙewa in ya yi tafiya kaɗan, ya fara zuwa asibiti a auna shi. Masu allurar insulin ko masu shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide suna da haɗari na musamman: tuƙa keke na iya faɗar da sukarinsu ƙasa sosai, jiki ya hau rawa, ido ya yi duhu. Irin waɗannan kada su fita da yunwa, kada aljihunsu ya rabu da dabino ko alewa, kuma likita ne zai daidaita musu magani yayin da nauyi ke sauka.

Gyaran keken

Ba sai an sayi keken tsere ba. Tsohon Phoenix ko Raleigh yana aiki, sai dai mai giya ya fi sauƙi a gwiwa, musamman ga mai nauyi. Abin da ya fi kore mutane daga keke shi ne tsayin sirdi. Yawancinmu mun saba da sirdi a ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa ana zaune, kuma wannan shi ke kawo ciwon gaban gwiwa. Ka jingina da bango, ka zauna a sirdi, ka ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkace ba. In ka mayar da tudun ƙafa, wajen tushen yatsu, kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to nan ne daidai. In bayan gwiwa ne ke ciwo ko kana jin ƙugu yana rangaji hagu da dama, sirdin ya yi sama, a sauke shi da rabin santimita a sake gwadawa. Hancin sirdi ya kwanta daidai. In ya ɗaga sama yana danne gaba har wurin ya sage, in ya sunkuya kuma nauyi yana zubowa kan hannuwa.

Iskar taya a bi adadin da ke rubuce a gefenta, a duba duk bayan kwana biyu ko uku. Taya mai laushi tana saurin faci ga mai jiki. Ka riƙa tafiya da famfo da tub na ajiya, domin tsidau da ƙashin yawo suna nan a gefen hanyoyinmu. Sarƙa kuwa ƙurar hunturu ce maƙiyinta. A goge ta da tsumma duk mako, a ɗiga mai mara kauri, a sake gogewa har sai ba ta danƙo a hannu. Baƙin man da aka juye daga inji yana kama yashi ya koma kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙar da haƙoran giya. A ɗaure ƙafar wando ta dama, a bar babbar riga a gida. A sa hular kwano, a sa fitila gaba da baya tunda da duku-duku ake fita, a bi hannun dama tare da motoci, a bar tazara tsakani da 'yan kurkura da 'yan acaɓa masu tsayawa babu sigina. In tayar gaba ta shiga rairayin gefen titi kada a damƙe birkin gaba, a riƙe kan keken a miƙe a bar shi ya wuce.

Yadda za a tsara tuƙin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Mai son rage ƙiba yana nufar saman wannan adadi, amma a hankali ake hawa. Mako biyun farko: kwana 3, minti 20 zuwa 30, da hutun kwana guda a tsakani. Mazaunai za su yi tsami, wannan yana wucewa cikin mako biyu. Mako na uku da na huɗu: kwana 4, minti 30 zuwa 40. Daga mako na biyar zuwa na takwas a tsaya a kwana 4 ko 5, a ware rana guda, Asabar ko Lahadi, a riƙa ƙara mata minti 10 duk mako har ta kai awa ɗaya da rabi.

Ma'aunin ƙarfin tuƙi yana bakinka. In kana iya magana da abokin tafiya jimla bayan jimla, kana ɗan haki amma zancen bai yanke ba, kana daidai, kuma a nan ya kamata mafi yawan tuƙinka ya kasance. In kalma biyu ko uku kawai ke fita, ka shiga mai tsanani. Sabon shiga yakan zaɓi giya mai nauyi yana danna feda da ƙyar, yana ganin hakan ne aiki. Gwiwa ce ke biyan kuɗin. Ka sa giya mai sauƙi, ƙafa tana juyawa sau 70 zuwa 90 a minti. Ka ƙirga saukar ƙafar dama cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu.

Bayan mako na biyar ana iya sa tuƙi mai tsanani sau ɗaya a mako: minti 10 na ɗumama jiki, sai minti 1 da ƙarfi, minti 2 a hankali, a maimaita sau 5 ko 6, a rufe da minti 10 na sassauci. Sau ɗaya ya isa. Mai cin abinci ƙasa da buƙatarsa ba ya murmurewa da sauri.

Ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, babu tuddai masu yawa, iska ce tudunmu. Da hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, saboda haka mai fita daga birni ya nufi hanyar Daura tun yana da ƙarfi, iska na dukan fuskarsa, in ya juyo ta turo shi gida. Da damina ta kudu maso yamma take zuwa, sai a juya tsarin. Tsakanin Katsina da Daura wajen kilomita 80 ne, wannan tafiyar ta wanda ya yi watanni yana tuƙi ce, kuma cikin ayari. A tsaya a hanyoyin da jama'a ke bi, a bar duk wadda ba a aminta da tsaronta ba, a gaya wa mutanen gida inda aka nufa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, da sanyin safiya ake kama fara: a fita bayan Asuba, a dawo kafin ƙarfe 8. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya haƙura. Matan da fita kan titi ba ta yi musu ba, keken motsa jiki na cikin gida yana bin wannan tsari daidai, har gyaran sirdin. A ajiye shi inda iska ke shiga, domin a ɗaki gumi ya fi zuba.

Kwanon

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure iri biyu. Na farko shi ne saka wa kai da abinci bayan tuƙi. Na biyu shi ne horon yunwa: mutum ya bar karin kumallo da abincin rana, ya hau keke, ya yi kwana huɗu yana daurewa, a na biyar da dare ya cinye malmala uku. An gudu ba a tsira ba. Yunwa mai tsanani tana cin tsoka tare da kitse, tana sa kasala da saurin fushi, kuma mutum yakan rage zirga-zirgarsa ta yini ba tare da ya lura ba, sai abin da ya ƙona a keke ya zube ta can.

Ka fara da abin sha, domin shi ne ba ya cika ciki. Lemon kwalba, maltina da danginta, zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa, shayi mai sukari cokali uku ko huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a rana, in an tsaya a 6 ya fi, ga shi robar lemo guda ta haura cokali 10. Zoɓon gida mara sukari ko mai cokali ɗaya yana maye gurbinsu. Fura da nono abinci ce cikakkiya, ba abin kora abinci ba ce. In za a sha, a dama ƙwallo ɗaya da nono mai yawa, babu sukari, a lissafa ta a matsayin abincin rana.

Sai mai. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko furotin (sinadarin gina jiki) kuwa 4. Shinkafa da wake da mai da yaji, ɗan wake, dambu, taliya da manja, duk da ludayi ko bakin kwalba ake tsiyaya musu mai, kuma cikin sauƙi cokali uku ke shiga kwano ɗaya, wato kalori 360 da ido ba ya gani. Ka auna cokali ɗaya da hannunka. Ƙosai da waina da soyayyar awara da fanke suna shan mai a kasko; alalen leda ko na gwangwani, dafaffen ƙwai, da awarar da aka sa a miya ba a soya ba sun fi su sauƙi nesa. Wannan magana sai an yi ta da uwargida cikin mutunci, tunda ita ke riƙe da tukunya, kuma rage man miya gyara ne ga gidan gaba ɗaya.

Tuwo ba a barin sa. Mai tuƙa keke yana buƙatar sitaci, kuma tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe abinci ne mai riƙe ciki. Girman malmala ake gyarawa: kwatankwacin dunƙulen hannunka a ranar hutu, ɗaya da rabi a ranar doguwar tafiya. Gurbin da ya rage a cike shi da ganye: kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli kaɗan, kabeji, latas, yalo, kokwamba. A ci ganyen da farko. Masu ciyayya a ƙofar gida ko majalisa, inda kwanuka ke zuwa daga gida uku ko huɗu, su ne suka fi shan wahalar awo, domin hannu yana zagayawa daga wannan kwano zuwa wancan ba lissafi. Dabara ita ce mutum ya zaɓi kwano ɗaya, ya yanki rabonsa tun farko, in ya ƙare ya wanke hannu ya ci gaba da hira. Haka a gidan biki da suna.

Furotin shi ke kare tsoka lokacin da nauyi ke sauka, kuma ya fi komai kashe yunwa. A nemi giram 1.2 zuwa 1.6 a kowane kilo na nauyin da ake son kaiwa; mai nufin kilo 80 yana buƙatar wajen giram 100 zuwa 125 a rana, a rarraba cikin abinci uku. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, kofin dafaffen wake wajen 13, kofin nono wajen 8, nama ko kifi ko kaza mai faɗin tafin hannu wajen 25. Tsire da balangu suna shiga lissafi in an zaɓi jan nama aka bar kitse da man da ake yaryaɗawa. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Ci kafin tuƙi, a kan hanya, da bayansa

Tuƙin da bai kai awa guda ba a matsakaicin ƙarfi ba ya buƙatar guzuri. Ruwa ya isa, ko ayaba ɗaya ko dabino uku ga wanda jiri ke ɗiba in cikinsa babu komai. Fita da yunwa ba ta da wata fa'ida ta musamman wajen rage kitse. Jimillar abin da aka ci a yini ita ke hukunci. In tafiya za ta wuce minti 90, labari ya canza. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, in ya ƙare ƙafa takan mutu lokaci guda, gumi mai sanyi ya keto, hankali ya dagule. Don haka a ci koko ko ɗumame kaɗan awa ɗaya ko biyu kafin fita, sannan daga awa ta farko a riƙa cin giram 30 zuwa 60 na sitaci duk awa, kwatankwacin ayaba ɗaya da ƙananan dabino huɗu ko biyar. Wanda ya hana kansa wannan da sunan rage ƙiba shi ke dawowa gida ya share tukunya.

Bayan tuƙi kada a ƙirƙiro sabon abinci. A tsara fitar ta ƙare dab da karin kumallon da dama za a ci: ƙwai biyu dafaffu ko alale, da koko mara sukari ko yankan burodi biyu.

Ruwa kuwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita duk awa, wato ledar ruwa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana kurɓa duk minti 15. In kana son sanin naka adadin, hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: duk kilo 1 da ya ɓace lita 1 ce ta gumi, kuma mayar da ita za a yi, ba kitse ne ya narke ba. A doguwar tafiya cikin zafi a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Fitsari mai duhu alama ce ruwa ya yi kaɗan. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya na nufin a sauka, a shiga inuwa, a jiƙa jiki. In mutum ya fara sambatu ko ya rikice, a zuba masa ruwa a jiki a garzaya da shi asibiti. Sa leda ko rigar sanyi don a ƙara gumi haɗari ne tsantsa, haka bel ɗin ɗaure tumbi ba ya cire kitsen ciki. Jiki ke zaɓar inda zai fara ɗiba. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa galibi gudawa ko fitsari yake sawa, wanda ga mai tuƙi a zafin Katsina ƙarin bushewar jiki ne.

Da azumi a rage buri zuwa riƙe abin da aka samu. Minti 20 zuwa 30 a hankali dab da shan ruwa, ko tuƙi na sosai bayan Asham a hanya mai haske. A buɗe baki da ruwa da dabino, a yi sallah, sannan a ci abinci ɗaya mai furotin da ganye. Soye-soye da kunun buɗa-baki su ke sa wasu fitowa daga Ramadan da ƙarin nauyi.

In sikeli ya tsaya

Makon farko nauyi kan sauka da kilo ɗaya ko biyu, yawanci ruwa ne, domin kowane giram na sukarin ajiya yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Wani kuma nauyinsa ƙaruwa yake yi kaɗan, saboda tsokar da ta fara aiki tana tara ruwa. Abinci mai gishiri da dunƙulen maggi da yawa, rashin bahaya, da al'adar mata duk suna motsa sikeli da kilo guda cikin kwana ɗaya. Shi ya sa ake hawa sau uku a mako a ɗauki matsakaici, a auna ƙugu duk mako biyu. In ƙugu na raguwa, ana kan hanya ko da sikeli bai motsa ba.

In mako uku sun wuce babu canji a duka biyun, a rubuta duk abin da ya shiga baki na kwana uku, har gyaɗar majalisa da rake da shayin dare. Kusan kullum a nan ɓarakar take fitowa. A duba barci, domin ƙasa da awa 7 yana ƙara yunwa, kuma mai tashi Asuba ya hau keke dole ya rage hirar dare. Sannan jikin da ya sauke kilo 6 ko 7 yana ƙona ƙasa da da, a kan keke da a zaune. Sai a gyara abu ɗaya kawai: ko a ƙara minti 30 zuwa 40 na tuƙi a mako, ko a cire cokalin mai ɗaya a rana, a jira mako biyu a gani. In kuwa ƙafa ta yi nauyi kullum, barci ya lalace, mura tana yawan kamawa, ko nauyi na zubewa fiye da kilo guda a mako, giɓin ya yi yawa: a ƙara rabin malmala a ranakun tuƙi, a huta kwana biyu, a dawo da tuƙi mai sauƙi.